Kurakuran da muke ta maimaitawa in an zo cutar mu a Kaduna

Wallahi na gaji da ganin mutum an damfare shi ya zo Facebook yana ta Allah ya isa, mutane su cika masa komen da sai haƙuri, shi kenan magana ta mutu, ba kuɗi ba kaya.

Babban kuskuren da ya fi ci min rai shi ne sayen fili da takardar mai unguwa kaɗai. Jama'a tun 1978 dokar filaye ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma a nan Kaduna KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba ta ce filin na mai sayarwar ba ne. Ni nan wani dillali ya kai ni can bayan Millennium City ya auna min kusurwa huɗu da ƙafa, ga bulo an jera, ga shaidu biyu sun sa hannu harda addu'a aka shafa, ashe shaidun yaransa ne, ran da na kai tifar yashi na tarar wani bawan Allah ya riga ya haƙa fandisho, shi ma da tasa takardar iri ɗaya da tawa sak. Kuɗin adashen da na ɗauka kenan suka bi ruwa. Yanzu ko ɗan uwana ne sisi ba ya fita sai ya ba ni lambar fayil an duba a KADGIS, sannan in koma unguwar ni kaɗai bayan la'asar ba dillali in tambayi maƙwabta filin wane ne. In mai fili ya fara "Alhaji akwai wanda zai biya gobe fa", to ya biya, Allah sa albarka. Kuma kar ka ɗora bulo ko ɗaya ba izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, mun ga yadda aka yi rusau a garin nan, wasu har yau suna gidan haya.

Sai kai kuka inda ba a share hawaye. Banki ya cire maka kuɗi a POS kuɗin bai shiga wa mai kanti ba, kai kuma ka je kana yi wa yarinyar kanta ihu, me za ta yi maka? Rubuta wa bankinka ƙorafi, su buga maka sitamfi a kwafinka, ka karɓi lambar ƙorafin, in mako 2 ya wuce shiru sai ka tura wa CBN, wato babban bankin ƙasa, da wannan lambar. In ba ka da lambar nan, da wuya a saurare ka. Kamfanin waya na yanke maka kati ba dalili, ka fara da su, in sun yi biris ka kira 622 na NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa. Jabun magani ko abin sha ka kai ƙara NAFDAC, kayan da aka sayar maka lalatattu aka ƙi karɓa kuma sai FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya.

'Yan kasuwar Barci da Central, dan Allah ku daina sakin kaya da ganin alat a wayar kwastoma, duba naka balans.

Rasit kuma, ko caja ka saya ka karɓa, ka ɗau hotonsa don tawadar na gogewa. Lambar OTP ba a karanta wa kowa ko ya ce daga hedikwatar banki yake. Wanda ya zo shago da riga mai tambari yana neman kuɗin haraji a hannu, ce masa ya ba ka takardar biya ta KADIRS, hukumar harajin jiha, za ka je banki da kanka, ka ga ko zai tsaya.