Yadda ake kashe launin ruwan rini da rana da hodar TiO2

Ruwan da ake zubarwa daga marina ba a kwata ya ke tsayawa ba, ƙasa ta shanye wani, damina ta kwashe sauran zuwa gulbi, mu kuma nan Sakkwato da ruwan Rima ake ban ruwan albasa da shinkafa. Shi ya sa nake son masu rini da ɗaliban kemistiri su san wanga hanya, don rana dai muna da ita har ta yi yawa.

Abin aikin wata farar hoda ce, taitaniyom dayoksaid, ana rubuta ta TiO2. Ba wadda ake sa wa fenti ba hwa, ka biɗi mai ƙananan ƙwayoyi, wadda anka fi sani ita ce P25, ƙwayarta wajen nanomita 21 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya). Tun 1972 Fujishima da Honda na Japan sunka nuna haske na sa TiO2 ya raba ruwa zuwa iskar haidrojin da oksijin, daga nan maganar ta samo asali. In hasken UV na rana, wato ɓangaren haskenta da ido ba ya gani, ya bugi ƙwayar sai ta haifar da wasu sinadarai masu kaifi daga ruwa da iskar oksijin, su ke bin rinin suna yayyanka shi, ita kuwa hodar ba ta ƙarewa.

Kada ka fara da duro, fara da lita ɗaya. Ka bar ruwan ya kwana a buɗe ya sha iska, don haidros ɗin da ake sa wa rini na cinye oksijin, in yana nan aikin ba ya tahiya. Ka tace da ƙyalle, ka gwada da takardar pH, mai auna ƙarfin asid ko soda a ruwa, tunda kaustik soda na kai shi sama sosai, ka ɗiga ruwan asid kaɗan kaɗan har ya sauko kusa da 7. In ya yi duhu da yawa ka surka shi, ka zuba a faranti mai faɗi, zurfi santimita 2 ko 3, sai kana hango gindin farantin, in haske bai ratsa ba wallahi ɓata lokaci kake.

Hoda giram 1 a lita ya isa, rabin haka ma na yi, wasu na ganin in sunka ƙara zai fi sauri, a'a, ruwan ne zai yi kauri ya tare hasken. Ka dama cikin ɗaki wurin da ba haske minti 30, rinin ya manne ma hodar, ka ɗebi kaɗan a kwalba ka ajiye don kwatantawa. Sannan ka fitar rana daga goma na safe zuwa uku, kana motsawa akai akai don hodar na son kwanciya, in kana da ɗan famfon iska irin na tankin kifi ya fi. UV bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba, saboda haka lokacin hazo ko hadari ka yi haƙuri, zai ja lokaci. Ka aje faranti na biyu gefe da ba hoda ciki, shi zai gwada maka ko hodar ce ta yi aikin.

Wurin da nake roƙon a kula shi ne, launi ya ɓace ba yana nuhin guba ta ƙare ba. Launin ke fara tahiya, gutsattsarin rinin na nan a ruwa, wasu ma sun fi asalin rinin illa, don haka ka ƙara mai awoyi a rana bayan ya yi haske, kuma ka kai samfur ɗakin gwaji, kamar sashen kemistiri na jami'ar Ɗanfodiyo, a auna COD, wato ma'aunin yawan dattin sinadarai da ya rage a ruwa. Ba a sha, ba a ba dabba.

Daga ƙarshe ka bar shi ya kwanta har gobe, ka tsiyaye na sama sannu, ka tace, hodar ka wanke ka sake aiki da ita, kada ta bi kwata. Lokacin aunata ka sa takunkumi da safar hannu, busasshiyarta ba ta da kyau ga huhu.