Yadda Za Ka Hana "Ni Mutumin Kirki Ne" Ta Zame Maka Tarko

Da wuya ka sami mutumin da ya yarda a ransa cewa shi mugu ne. Mai tauye mudu, da ma'aikacin da ke danne fayil sai an ba shi na goro, da wanda ya ci bashi ya yi shiru, kowannensu yana kallon kansa a matsayin mutumin kirki. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa wannan kallo yana aiki ta fuska biyu, domin wani lokaci shi ke riƙe hannun mutum daga ɓarna, wani lokaci kuma shi ke ba shi izinin aikata ta. Ana iya koyon yadda za a tsayar da shi a kan aikin farko.

Ka fara da sa ido a kan sa'o'in da ke biyo bayan aikin alheri, domin a nan ne zuciya ta fi sakin jiki. A 2001, Benoît Monin da Dale Miller sun gwada ɗaliban Jami'ar Princeton ta Amurka: sun ba wasu damar ƙin amincewa da maganganun da ke ƙasƙantar da mata ƙarara, sannan suka tambaye su wanda ya fi dacewa da wani aiki da aka saba bai wa maza. Waɗanda suka fara wanke kansu su ne suka fi karkata ga namiji, kamar sun riga sun karɓi shaidar adalci, saboda haka ba su ƙara jin buƙatar taka tsantsan ba. Wani nazari na 2015 da ya haɗa gwaje-gwaje 91 ya nuna cewa wannan hali yana nan, ko da yake ƙarfinsa bai kai yadda ake zuzutawa ba. A kasuwa ma ana ganinsa. Ɗan kasuwa ya raba wa almajirai ƙosai da safiyar Juma'a, da la'asar kuma ya auna wa wata tsohuwa masara da tiyar da aka bubbuge wa gindi, zuciyarsa tana raɗa masa cewa ai wanda ya ciyar da bayin Allah ɗazu ba zai zama azzalumi ba. Maganin shi ne ka daina ɗaukar alherinka a matsayin ajiyar da za ka ciro ka biya ɓarna da ita, ka ɗauke shi a matsayin alkawari. Idan ka yi sadaka, ka ce wa kanka: tunda na damu da mai jin yunwa, to mudun da zan auna masa ma ya shiga cikin wannan damuwa. Malamanmu sun daɗe suna gargaɗi a kan ujubu, kuma aya ta 32 ta Suratun Najmi ta hana mutum tsarkake kansa.

Sai ka saurari sunayen da kake laƙaba wa ayyukanka. Albert Bandura na Jami'ar Stanford ya bayyana dabarun da mutum ke bi ya aikata laifi ba tare da kimarsa ta ragu a idonsa ba, daga ciki akwai sauya wa laifi suna, da gwada shi da wanda ya fi shi muni, da jingina shi ga shugaba ko ga jama'a. Cin hanci ya koma "ihsani", algus ya koma "dabarar kasuwa", sauran kuma a rufe da "kowa ma haka yake yi" ko "oga ne ya ce". A ganina wannan mataki ya fi sauran wuya, domin ba ƙarya muke shirya wa wani ba, kanmu muke lallashi. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da ka yi a jimla ɗaya wadda ta ambaci kai, da aikin, da wanda abin ya faɗa wa: "Na karɓi naira dubu biyar a hannun wani tsoho kafin in sa hannu a takardar fanshonsa." Idan ka ji hannunka yana son ƙara "amma", ka dakata a nan.

Akwai kuma hanyar da wannan kallo yake taimakawa. A wani gwaji da Christopher Bryan da Gabrielle Adams da Monin suka wallafa a 2013, an bar mutane su faɗi sakamakon jefa kwabo da kansu don samun kuɗi. Waɗanda aka ce wa "kada ka yi ha'inci" sun yi ƙari a kan gaskiya, waɗanda aka ce wa "kada ka zama maha'inci" kuwa ba a ga alamar haka a wurinsu ba. Saboda haka, kafin ka aikata, ka tambayi kanka sunan da mai yin wannan aiki yake amsawa, ka ga ko za ka iya amsa shi a gaban 'ya'yanka. Amfanin tambayar yana gaban aiki. Kiran yaro ɓarawo bayan ya ɗauki tsoka ɗaya a tukunya ba ya cikin wannan shawara.

Ka kiyayi gaggawa. A 1973 John Darley da Daniel Batson sun gano cewa cikin ɗaliban makarantar limaman Kirista ta Princeton, kashi 63 cikin ɗari na marasa sauri sun taimaki wani da suka tarar a yashe a hanya, amma kashi 10 kacal na waɗanda aka ce sun makara suka yi haka.

Da daddare, kada ka tambayi kanka ko kai mutumin kirki ne, domin amsar a shirye take. Ka tambaya: wa ya rabu da ni yau da ƙasa da haƙƙinsa? Tunda gwano ba ya jin warin jikinsa, ka kai tambayar ga wanda ke ƙasa da kai, kamar yaron shagonka ko mai aikin gidanka, ka yi masa alkawarin ba za ka riƙe shi a zuci ba, kuma idan ya ambaci wani haƙƙi, ka mayar da shi kafin mako ya zagayo.