Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen ɗaura kamshaf mai ƙara wa inji ƙarfi

Kamshaf shi ne sandar da ke juyawa tana buɗe bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi a inji. Abu biyu ne suka raba kamshaf na ƙarin ƙarfi da wanda kamfani ya sa wa mota: yana danna bawul ya nitse fiye da yadda ya saba, kuma yana barinsa a buɗe ya daɗe. Kusan duk ɓarnar da ke biyo bayan wannan aiki a garejojinmu na Gusau daga nan take tasowa. Yaro ya kwance tsoho, ya jefa sabo, ya ga alamun taimin, masu daidaita juyin kamshaf da motsin fistan, sun hau, sai ya ce wa mai mota oga an gama. Ba a gama ba, ko rabi ba a yi ba.

Babban laifi shi ne tayar da inji ba a auna tazarar fistan da bawul ba. A ƙarshen bugun fitar da hayaƙi fistan yana can sama, bawul na hayaƙi bai gama rufewa ba, na shan iska kuma ya fara buɗewa. A nan suke kusantar juna ƙwarai: na hayaƙi wajen digiri 10 na juyin karanshaf, sandar da fistan ke juyawa, kafin fistan ya kai ƙololuwa, na shan iska wajen digiri 10 bayan ya wuce. Abin da maƙera kamshaf suka saba nema shi ne aƙalla milimita 2 a bawul na shan iska, milimita 2.5 a na hayaƙi, domin shi ya fi ɗaukar zafi ya miƙe. Awon ba shi da wuya. Ka manna lakar roba irin ta wasan yara a kan fistan, ka shafa wa bawul ɗan mai don kada ta liƙe, ka mayar da top silinda da gasket mai kaurin wanda za ka yi aiki da shi, ka ɗaura sarka, ka juya karanshaf da hannu zagaye biyu cikakku. Sai ka kwance, ka yanka lakar da reza, ka auna inda ta fi siranta.

Wani zai ce ai kwalin ya rubuta cewa kamshaf ɗin yana shiga kai tsaye. Yana shiga, amma a injin da ba a taɓa ba. Nawa ne cikin motocin da ke bin hanyar Funtua ko Talata Mafara ba su taɓa yin zafi a watan Afrilu ba? Da yawansu an kai top ɗinsu an shafe masa fuska, wasu har sau biyu, kuma mai motar na yanzu bai ma sani ba don a hannu ya saya. Duk abin da aka shafe ya matso da bawul kusa da fistan, ya kuma rage nisan da ke tsakanin kamshaf da karanshaf, sai taimin ya ɗan koma baya ko da alamu sun yi daidai. In injin yana da na'urar sauya taimin, irin VVT-i ta Toyota ko i-VTEC ta Honda, to ku ƙara kula, domin in mota na tafiya na'urar tana tura kamshaf na shan iska gaba, tazarar da ka auna a tsaye ta ragu. Sai a auna tazarar lokacin da giyar kamshaf ɗin take can ƙarshen gabanta. In kuma kana juyawa da hannu ka ji ya cije, ka tsaya. Masu ƙara wa sifana bututu su danna da ƙarfi su ne ke lanƙwasa bawul tun mota ba ta tashi ba, sannan su ce kayan ne jabu.

Laifi na biyu mai cin kuɗi shi ne barin tsofaffin sifirin. Sifirin na bawul yana da iyakar matsuwa. In zagayensa suka haɗe da juna ya zama dunƙulen ƙarfe, sai wani abu ya karye, ko roka, wato ƙarfen da ke kai dannar kamshaf kan bawul, ko kamshaf ɗin kansa. Idan bawul ya nitse iyakarsa, a bar wa sifirin rarar kusan milimita 1.5 kafin ya haɗe, a kuma duba irin wannan rara tsakanin hular sifirin da sil ɗin bawul. Hular ta riƙa dukan sil, kwana kaɗan mota ta fara shuɗin hayaƙi tana shan baƙin mai. Ga kuma gajiya: sifirin da ya yi shekara goma sha biyar yana aiki ba zai iya dawo da bawul da sauri ba in inji ya hau sama, bawul ya tsaya yana lilo, fistan ya same shi a hanya. In maƙerin kamshaf ya ce a sa sifirin kaza, a saye su tare. Mai mota da ya ce kuɗinsa ba su kai ba, gara ya jira su kai.

Sai marufan da ke riƙe kamshaf a top. Haba jama'a! Kowane marufi yana da lamba da kibiya, domin tare da top ɗin aka huda su a kamfani, ba ya zama a gurbin ɗan'uwansa. Amma za ka tarar an zube su cikin kwano ɗaya da fetur, an kwaso na hayaƙi an ɗora a na shan iska. Sannan yaro ya kama ƙusa ɗaya ya ɗaure ta tamau alhali sauran suna sake, sifirin na tura sandar sama ta wancan gefe. Kamshaf na zubin ƙarfe ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi kamar rake. A bi ƙusoshin kaɗan-kaɗan, rabin juyi rabin juyi, bisa jerin da littafin injin ya nuna, a ƙarasa da sifana mai awon ɗauri. A injin 1ZZ-FE na Corolla ƙananan marufan Nm 13 ne kacal a awon ɗauri, babban na gaba 23. Hannun da ya saba da ƙusar taya, in bai yi hankali ba, zai cinye zaren alminiyom nan take. Wajen ɗaure ƙusar giya kuma, a riƙe kamshaf da sifana a wurin nan mai kusurwa shida da aka yi masa, kada a bar sarka ta ɗauki nauyin.

Tazarar bawul ma, wato ɗan gibin da ake bari tsakanin bawul da abin da ke danna shi, ana mantawa da ita. Kamshaf da yawa na kasuwa tsofaffi ne aka sake gogewa, gefen da ke bayan ƙusumbinsu, wato tudun da ke danna bawul, ya ragu, don haka tazarar takan buɗe, inji ya riƙa ƙas-ƙas kamar keken ɗinki. A injin K24 na Accord abin da sauƙi, akwai sukurun saiti a jikin roka. A 1ZZ-FE babu; kofin da ke kan bawul shi ake canzawa gaba ɗaya, kuma yana zuwa kauri 35, daga milimita 5.06 zuwa 5.74. Awon kamfani a inji mai sanyi shi ne 0.15 zuwa 0.25 a shan iska, 0.25 zuwa 0.35 a hayaƙi, amma in takardar sabon kamshaf ta faɗi nata, ita ake bi. Ka auna da fila geji, siraran ƙarafan auna gibi, ka rubuta duka goma sha shida a takarda, sannan ka aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a nemo maka kofunan. Goge kofi a dutse don ya shiga, wannan ba gyara ba ne. Kuma tazarar da ta matse ta fi wadda ta buɗe haɗari, don ba ta ƙara: bawul ya kasa zama ya sauke zafinsa, sai ya ƙone shiru.

Kada a yarda da alamun taimin kaɗai. A giya mai haƙora 36, haƙori ɗaya digiri 10 ne a kamshaf, wato 20 a karanshaf. Sarkar da ta miƙe ko tenshina da ta gaji, a canza su tun inji yana buɗe.

Tashin farko shi ke yanke wa kamshaf hukunci, musamman a injin da ƙusumbi ke gogar kofi ko tafet, ƙarfen da ke karɓar dannarsa, kai tsaye ba tare da rola ba. A shafe kowane ƙusumbi da man haɗi na musamman, ba giris na taya ba. Tafet da ya ci da tsohon kamshaf ba ya hawa sabo. A cire fulogi a juya inji har fitilar mai ta mutu, a mayar. Da ya kama, a ɗaga shi tsakanin juyi 2,000 da 2,500 a minti ɗaya ana ɗan hawa da sauka na minti 20 zuwa 30, ido na kan allurar zafi. Barinsa a silo ana shan shayi shi ne ke cinye ƙusumbi, don a silo mai ba ya fantsama sosai. Baƙin man ya kasance mai sinadarin zinki da yawa, a juye shi tare da filta bayan an gama. Injin mai rola bai damu da wannan sosai ba. Lokacin hunturu kuma a rufe top da tsumma mai tsabta duk sanda aka ɗaga hannu, ƙurar nan yashi ce.

Akwai kuskuren da ake yi tun kafin a taɓa sifana, wato sayen kamshaf mafi girma a jerin. Wanda ke daɗe da buɗe bawul yana kai ƙarfin inji can sama ne, ya rage shi a ƙasa. Motar da aikinta cunkoson Tudun Wada da ramukan hanyar Ƙaura Namoda, ga giya otomatik, ga esi a kunne, za ta koma ragguwa wajen tashi, silo yana rawa, birki ya yi tauri saboda zuƙar iskar da ke taimaka masa ta ragu. Matakin farko, wato mafi ƙanƙanta a jerin, ya ishe ta. In za a gwada biyu, a duba a wane nitso aka auna daɗewar buɗin; Amurkawa suna aunawa a milimita 1.27, maƙeran Japan galibi a milimita 1, lambobin ba sa haɗuwa.

Ƙwaƙwalwar mota kuwa lissafin tsohon kamshaf ta sani. In ba a sake mata saiti ba, tana iya ba da fetur kaɗan a sama inda iska ta ƙaru, fistan ya yi zafi. Kafin a samu mai saitin, kada a taka mota har ƙasa, kuma a nisanci fetur ɗin 'yan bumburutu.