Yadda na gyara Ƙ da Ɗ da suka ɓace a taken fim ɗin katun

A Blender, manhajar haɗa katun, matsalar ta fito: an rubuta taken fim da manyan haruffa, sai Ƙ da Ɗ suka ƙi bayyana. Dalili kuwa, yawancin fon (wato salon zanen haruffa) na ado ba su da haruffanmu masu ƙugiya.

Hanya mafi sauƙi ita ce komawa fon ɗin Noto Sans ko Andika, duk suna da Ɓ, Ɗ, Ƙ, har da Ƴ da ake rubutawa a Nijar. Sai dai ga katun na yara sun cika tsauri, don haka na riƙe fon ɗin adon.

Na buɗe shi a FontForge, manhajar gyara fon, na kwafi K zuwa gurbin Ƙ, mai lamba U+0198, D kuma zuwa na Ɗ, mai lamba U+018A. Ƙugiyar na yanko ta daga lanƙwasar J ta fon ɗin kansa, na juya ta, na liƙa. Nan aikin yake. Idan kaurinta bai kai na sandar harafin ba, da zarar WhatsApp ya matse bidiyon sai ta narke, Ƙ ta koma K a wayar mai kallo. Ta Ɗ kuma hagu take leƙawa, dole a ƙara mata tazara, in ba haka ba ta hau harafin da ya gabace ta.

A duba lasisi tukuna. Lasisin fon na kyauta da ake kira OFL ya yarda a gyara fon, amma sau da yawa sai an canja masa suna.

Wajen motsi, na tsayar da taken cak na firam 72 (firam shi ne hoto ɗaya a cikin bidiyo), wato daƙiƙa 3 a gudun firam 24 a kowace daƙiƙa, domin ƙugiya ba ta karantuwa yayin da harafi ke tsalle.