Yadda ake sarrafa kwamfutar nesa ta layin ISDN ba tare da allo ya daskare ba

A ce babbar kwamfutar da ke riƙe da lissafin kaya tana ofis a Adum, ma'aikaci kuma yana shago a Aboabo, duka a birnin Kumasi, abin da ke tsakaninsu layin ISDN ne kawai, wato layin tarho na dijital. Irin wannan layi yana da hanyoyi biyu na ɗaukar bayanai, kowace tana ɗaukar kilobit 64 a sakan ɗaya, da wata ƙarama mai kilobit 16 da ke kula da kira. Aikin farko shi ne a saita Multilink PPP a ɓangarorin biyu domin hanyoyin su haɗu su zama kilobit 128, amma mai shago ya san cewa idan ana biyan kuɗi bisa tsawon kira, kira biyu zai biya.

Sannan a yi lissafi. Allo mai faɗin ɗigo 1024 da tsayi 768, idan kowane ɗigo yana cin bit 24, hoton sa guda ɗaya yana bukatar kusan minti biyar kafin ya ratsa hanya ɗaya idan ba a matse shi ba. Idan aka rage launi zuwa bit 8, aka kuma haɗa hanyoyin biyu, lokacin ya koma ƙasa da minti ɗaya. Saboda haka a rage launi, a cire hoton bango, a kashe duk wani ƙawa mai motsi.

Sai dai a ganina ba ƙarancin faɗin layi ne babbar matsala ba. Tsarin X11, da ke nuna tagogin manhaja a allo a kwamfutocin Linux da Unix, wanda ya fito daga jami'ar MIT a 1987, an gina shi ne domin kwamfutocin da ke gini ɗaya, inda tambaya da amsa ba sa ɓata lokaci. Manhaja takan tambayi allo abu, ta tsaya sai amsa ta dawo, sannan ta sake tambaya, kuma takan yi haka sau da yawa kafin taga ɗaya ta buɗe. Na taɓa zama kusa da wani akawu yana kallon taga fara fat, yatsansa a kan linzami yana dannawa, alhali fitilar na'urar layin ko ƙyaftawa ba ta yi sosai. Layin ba cike yake ba, jira kawai ake yi.

Hanya mafi sauƙi ita ce a shiga babbar kwamfutar ta SSH, tsarin shiga kwamfuta daga nesa, da umarnin ssh -X -C, wanda ke ɓoye bayanai ya kuma matse su. Wannan ya isa ga manhaja mai rubutu zalla, musamman idan siffofin haruffa suna ajiye a kwamfutar shago, amma ba ya rage yawan kai da kawo. Ko kusa kada a buɗe mashigar 6000, wadda X11 ke amfani da ita, kai tsaye, domin duk abin da aka buga, har da kalmar sirri, a fili yake tafiya.

Abin da na fi ba da shawara shi ne X2Go, wanda ke amfani da fasahar NX wajen amsa yawancin tambayoyin nan a kusa da kuma adana abin da aka riga aka aiko domin kada a sake aiko shi. A girka sashen sabar a babbar kwamfutar da ke Adum, sashen mai amfani a Aboabo, a zaɓi ISDN a ma'aunin saurin layi, a kuma ɗauki tebur, wato tsarin fuskar allo, marar nauyi irin XFCE. VNC, wani tsarin nuna allon nesa, shi ma yana aiki idan aka bi da shi ta cikin SSH.

Akwai kuma dalilin da mazaunin Kumasi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kai, wato ɗauke wuta. Da ssh -X, layi yana yankewa manhajar ta mutu da aikin da ba a adana ba. Da X2Go ko VNC, zaman yana nan a sabar yana jira, muddin an tanadar mata batirin UPS. Kafin a miƙa wa akawu tsarin, a buɗe takarda, a rubuta layi biyu, a zare wayar da gangan, a mayar, a tabbatar rubutun yana inda aka bar shi.