Yadda ake sa wa kaya alamar bibiya kafin ƙaura daga Abuja zuwa Jos

Wanda zai kwashe kayan gidansa daga Kubwa ko Gwarinpa zuwa Jos yana damƙa dukiyarsa ne a hannun direba da 'yan dako na tsawon yini guda ko fiye, don haka ya dace ya san ƙananan na'urorin da ake maƙala wa kaya domin a san inda suke. Kowace iri da aikinta, kuma wanda ya sayi wadda ba ta dace da bukatarsa ba ya yi asarar kuɗinsa.

Kafin a sayi komai, a fara ba kowane kwali da kowace jaka lamba, a rubuta ta da babban alƙalami a gefe biyu, sannan a rubuta abin da ke ciki a littafi ko a waya tare da hotonsa. Na'ura za ta iya nuna inda kwali yake, amma ba za ta shaida cewa atamfa nawa aka zuba a ciki ba.

Ga kwalaye na yau da kullum, ƴar takardar mannawa mai NFC ta wadatar. Ba ta da batir, kuma wayoyin zamani da yawa suna karanta ta idan aka kusanto da bayan wayar har ta kusan taɓa ta. Ana saka mata lambar kwalin ta hanyar manhaja, sai a riƙa taɓawa ɗaya bayan ɗaya a wurin lodi da wurin saukewa. Wasu kamfanonin jigila kuwa suna amfani da wata irin takardar mannawa mai suna RFID, mai dogon zango, wadda na'urar hannu ke karantawa daga nisan wasu mitoci, ta ƙirga kwalaye da dama a lokaci guda. Ƙarfe da ruwa suna dagula wannan siginar, shi ya sa ba a manna ta kai tsaye a jikin firji ko janareto sai dai a rataya ta da igiya. Dukansu biyu aikinsu ƙirga ne kawai, ba sa nuna wuri a taswira.

Akwatin takardun gida, da na lefe, da jakar kwamfuta su ne suka cancanci na'urar Bluetooth, irin AirTag da kamfanin Apple ya fitar a 2021 ko SmartTag na Samsung. A nan ne mutane suka fi yin kuskuren fahimta. AirTag ba ta da layin waya kuma ba ta magana da tauraron ɗan'adam. Sigina take fitarwa, sai duk wata iPhone da ta gifta kusa ta aika wa mai ita labarin wurin. SmartTag ma haka take, sai dai da wayoyin Galaxy take aiki. A Wuse ko Maitama, inda irin waɗannan wayoyi suka yi yawa, labari zai riƙa zuwa a kai a kai, amma da zarar mota ta wuce Keffi ta kama hanyar Akwanga zuwa hawan Filato, ana iya ɗaukar dogon lokaci taswira ba ta motsa ba, kuma wannan ba ya nufin an karkatar da mota. Batirin irin wannan na'ura ƙaramin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, wanda kan yi kusan shekara. A haɗa ta da waya a gwada tun kwana biyu kafin tafiya, a cusa ta cikin tufafi a tsakiyar akwati, kada a jefa ta cikin tukunya ko adakar ƙarfe. A Banex, kasuwar wayoyi da kayan lantarki da ke Wuse 2, ana samun su, sai dai a gwada a gaban mai shago, domin akwai jabu.

Wanda ke son ganin motar a duk tsawon hanya, na'urar GPS mai layin waya yake bukata, wato wadda ke gane inda take ta hanyar tauraron ɗan'adam. Guda ɗaya ta isa mota guda. A tabbata layin yana da rajista da lambar NIN, akwai data a ciki, an cika cajin batir, sannan a ajiye ta a saman kaya inda rufin ƙarfe bai danne ta ba.

A ganina, gara a gaya wa direba tun wurin ciniki cewa akwai na'ura a cikin kayan. Ɓoyewa ba ta da amfani sosai, tunda AirTag tana yin ƙara idan ta daɗe da rabuwa da mai ita, kuma wayoyin iPhone da Android suna sanar da mutum idan wata baƙuwar na'ura tana tafiya tare da shi. Direban kirki ba zai damu ba, wanda ya nuna ƙin amincewa kuwa sai a nemi wani.

Idan an isa, kada a biya cikon kuɗi sai an ƙirga kwalaye da littafin a gaban direba. In wani ya ɓace kuma taswira ta nuna shi a wani gida ko gareji, a ɗauki hoton allon wayar mai ɗauke da lokaci da wuri, a haɗa da lambar motar da takardar yarjejeniya a kai ofishin 'yan sanda mafi kusa, kada mai kaya ya tafi wurin shi kaɗai.