Yadda nake koya wa yara ƙirgen tsallake

Kada ki fara sai yaron ya iya ƙirga 1 zuwa 20 yana taɓa abu da yatsa. In bai kai nan ba, hadda kawai zai yi.

Ni da biyu-biyu nake farawa, kuma da takalma. Ki jera silifas ɗin mutanen gida a bakin ƙofa, kowanne da ɗan'uwansa. Yaro ya bi yana nunawa: ɗaya cikin raɗa, biyu da ƙarfi, uku cikin raɗa, huɗu da ƙarfi. A hankali zai watsar da na raɗan da kansa, sai ki ji 2, 4, 6, 8 na fitowa tar. Daga nan ki ɗauki gawayi ki zana gidaje ashirin a tsakar gida, ya riƙa tsallake ɗaya yana dira a na gaba. Wannan suka fi so, sai dai a yi haƙuri da ƙura.

Biyar-biyar ba wuya: ki zana tafin hannunsa a kwali sau da yawa, ki rubuta 5, 10, 15 a ƙarƙashi. Goma-goma kuwa, tsinken ashana ɗaure da roba.

Sannan ki rubuta 1 zuwa 100, goma a kowane layi, ya shafa launi a kan biyar-biyar. Layuka biyu za su fito a tsaye, masu ƙarewa da 5 da 0. Kada ki faɗa masa, bar shi ya gano.

Uku-uku a bar shi sai ƙarshe. In kina son gwada shi, ce masa ya fara biyu-biyu daga 14.